Sana'ar Ɗan Kokawa: Abin da Zazzau Ta Saki, Maraɗi Ta Riƙe, Japan Ta Gina

A ƙarshen kowace shekara, lokacin da ake buɗe gasar Takobi a Jumhuriyar Nijar, masu sha'awar kokawa a cikin birnin Zariya sukan bi ta ne ta rediyo da wayoyin hannu, kamar yadda takwarorinsu na Kano da Katsina da Sakkwato suke yi, alhali kuwa harshen da ake kirari da shi a fagen, da gangar da ake kaɗawa, da layun da ke ɗaure a damatsan 'yan wasan, duk abubuwa ne da kakanninsu suka sani a ƙauyukan ƙasar Zazzau.

A sauran watannin shekara kuma, yaran da ke zama a gidajen kallo na Kwarbai da Ƙaura da Tudun Wada suna iya jero sunayen 'yan kokawar Amurka, wato wadda ake kira reslin, har da irin kamun da kowannensu ya shahara da shi, amma da wuya a sami wanda zai ambaci ɗan kokawa ɗaya na ƙasarsu da ya ci abinci da ita har ya yi suna.

Ƙarfafan samari ba su taɓa yin ƙaranci a Zazzau ba, kuma duk wanda ya ga masu dakon buhuna a kasuwar Sabon Gari ko masu huɗa a gonakin Giwa da Soba ya san haka. Abin da ke mayar da ƙarfi sana'a shi ne gida, wato tsari mai ɗorewa wanda yake karɓar yaro, ya horar da shi, ya sama masa fage da lokacin wasa da ladan guminsa, sannan ya san inda zai ajiye shi ranar da jiki ya gaza. Rayuwar 'yan kokawar Nijar da ta Japan tana nuna hanyoyi biyu da aka bi aka gina irin wannan gida.

Kokawar kaka

A tsohon tsarin ƙasar Hausa, kokawa wasan manoma ce, kuma lokacinta kaka, bayan an yanke gero da dawa an cika rumbuna, lokacin da abinci ya wadata kuma aikin gona ya sassauta. Samarin wani ƙauye sukan tashi da makaɗansu su je wani ƙauyen, a share fili a gaban gidan mai gari ko a bakin kasuwa, a yi da'ira, kowane ƙato ya fito da warki ko bante ya yi kirari, wato ya faɗi sunansa da asalinsa da waɗanda ya kayar, domin ya tsokano abokin karawa. Bukukuwan kalankuwa, waɗanda samari da 'yan mata suke shiryawa don murnar amfanin gona, suna cikin manyan wuraren da ake irin wannan haɗuwa.

Dambe kuwa an fi danganta shi da mahauta, kuma wannan rabo tsoho ne, domin Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya rubuta labarin damben da mahautan birnin suka yi a gabansa. Bambancin yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya: mahauci mutumin kasuwa ne da birni, yana da sarkin fawa da ƙungiya da kuɗin hannu a kowane wata, shi kuwa manomi wasansa yana bin damina da kaka ne, idan kaka ta wuce fage ya watse.

Birnin Zariya ya kasance yana da rabo a duka biyun, saboda ganuwarsa, mai tsawon kimanin kilomita 15, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da fadamu da filayen kiwo, ta yadda mutum zai iya zama ɗan birni kuma manomi ba tare da ya fita Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ba.

Sai dai ko a wancan zamani, ribar ɗan kokawa ba albashi ba ce. Abin da yake samu shi ne kyautar 'yan kallo, da riga ko dabba daga ubangida, wato mai hali ko mai sarauta da yake alfahari da shi, da waƙar da makaɗi zai yi masa, da farin jini wajen neman aure. Idan ya yi aure ya tara iyali, yawanci yakan ajiye warki ya koma gona, kuma gonar ce take riƙe shi har tsufa. Tsarin ya yi aiki ne saboda kokawa ba ta ɗauki nauyin ciyar da kowa ba.

Abin da ya cinye fagen

Dalilan ja da bayan kokawa a birnin da kewayensa a fili suke, kuma ba sa bukatar dogon bayani. Filayen cikin ganuwa sun zama gidaje da makarantu da shaguna. Samari sun koma cirani da acaɓa da tuƙin keke mai ƙafa uku a daidai watannin da a da suke fita kokawa. Ƙwallon ƙafa ta karɓe yammacin yara, gidajen kallo suka karɓe darensu. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro a yankunan Birnin Gwari da Giwa ya sa taron dare a ƙauye ya zama abin tsoro.

Talabijin ma ta taka rawa tun da wuri. A shekarun 1970 da 1980 reslin ya yi tashe a Nijeriya, inda sunan Power Mike, wato Michael Okpala, wanda ya yi zaman Kano a ƙuruciyarsa kuma ya rasu a 2004, ya shiga bakin yara tare da sunayen baƙi irin su Mighty Igor da Mil Mascaras. Tun daga lokacin idon ɗan kallo ya saba da fitilu da dandamali mai igiya, fagen yashi ya fara zama abin ƙauye a ganinsa.

Dambe bai yi irin wannan faɗuwa ba, domin ya sami gidaje masu katanga da ƙofa da kuɗin shiga, irin gidan damben Dei-Dei a Abuja da fagen Ado Bayero a Kano, ya sami ɓangarori uku da ke raba 'yan kallo, wato Kudu da Arewa da Guramada, daga baya kuma hotunansa suka bazu a YouTube har kamfanoni suka fara zuba masa kuɗi. Kokawa a wannan ɓangaren iyaka ta tsaya a bikin Argungu da gasar wasanni ta ƙasa da 'yan tarukan da ake yi jefi-jefi, waɗanda ba su isa su riƙe mutum shekara guda ba.

Takobin Nijar

A hayin iyaka labarin ya bi wata hanya dabam, kuma mafarinsa siyasa ce. Gwamnatin soja ta Seyni Kountché, wadda ta karɓi mulki a 1974 bayan matsanancin farin da ya addabi yankin Sahel, tana neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu a wuri guda, sai ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, kuma a 1975 ta shirya gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa. Wanda ya ɗauki kambin farko shi ne Yacouba Ango na Maraɗi, wanda duniya ta fi sani da Kantu.

Tsarin gasar mai sauƙi ne, kuma sauƙin nasa shi ne ƙarfinsa. Kowace jiha cikin takwas tana tace 'yan wasanta tun daga ƙauyuka da gundumomi har ta fitar da goma, jimilla tamanin ke nan, su haɗu a babban birnin jihar da zagaye ya zo kanta, su yi kimanin kwana goma suna karawa a cikin da'irar buhunan yashi. Wanda aka kayar ko da sau ɗaya ya fita daga neman Takobi, ko da yake yana ci gaba da karawa domin jiharsa, kuma a ranar ƙarshe sauran waɗanda bayansu bai taɓa ƙasa ba suke fuskantar juna. Zakara yana tafiya gida da takobi da rawani da doki da miliyoyin sefa, ban da kyaututtukan 'yan kasuwa da kamfanoni.

Abin da wannan tsari ya ba ɗan kokawa ya wuce kuɗi. Ya ba shi kalanda, domin ya san watan da zai fara atisaye da watan da za a yi zaɓe a gundumarsa. Ya ba shi matakala, domin yaron ƙauye yana iya ganin hanyar da za ta kai shi daga fagen kasuwa zuwa gaban gwamna da talabijin ta ƙasa. Ya kuma ba shi tarihi, abin da kokawar kaka ba ta taɓa mallaka ba sai a bakin makaɗa: babban fagen Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Doso yana ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma da sunan Langa-Langa, ta yadda yaron da ya shiga kallo yana karanta sunan magabacinsa a bakin ƙofa.

Sauran masu cin abinci a fagen ma ba a bar su a baya ba. Makaɗa da mawaƙa, waɗanda Sagalo ya fi shahara a cikinsu, da 'yan cali-cali masu ba da dariya tsakanin karawa da karawa, da masu sharhi a rediyo, da masu sayar da abinci da masu ba da masauki, duk suna da rabonsu a kwanakin gasar, kuma garin da ya karɓi baƙunci yakan amfana da gyaran fage da hanyoyi.

Rayuwar Kadri Abdou na Doso, wanda ake kira Issaka Issaka, ita ce misali mafi kusa na abin da tsarin yake iya haifarwa. Ya ɗauki Takobi sau shida, abin da babu wanda ya riga shi yi, uku daga ciki a jere, na ukun a gasar Agadas ta ƙarshen 2023, kuma ya wakilci ƙasarsa a gasar kokawa ta ƙasashen Afirka ta Yamma inda ake haɗuwa da ƙattin Senegal. Irin wannan tsawon zamani a saman fage ba ya samuwa sai ga wanda kokawa ta ɗauke masa neman abinci, ya sami sukunin kula da jikinsa a duk shekara.

Duk da haka bai kamata a rufe ido ga gurbin da ke cikin tsarin ba. Takobi ɗaya ne, 'yan wasa tamanin ne, kuma bayansu akwai ɗaruruwa da aka zubar tun a gunduma. Mafi yawansu sun dogara ne da noma da kyautar iyayen gida, kuma kukan tsofaffin 'yan kokawa game da rashin lafiya da rashin abin hannu abu ne da ake ji a kafofin labaran ƙasar. Gwamnati ta gina fage da gasa, amma ba ta gama gina abin da zai biyo bayan ajiye warki ba.

Gidan horo na Japan

Japan ta bi hanyar kamfani. Wanda ya kafa kokawar zamani a can shi ne Rikidozan, haifaffen Koriya, wanda ya fara da sumo, wato kokawar gargajiya ta Japan da ake yi a cikin da'irar ƙasa, ya bar ta a 1950, ya koyi reslin irin na Amurka, ya kafa kamfaninsa a 1953. A Fabrairun 1954 dubban mutane suka yi cincirindo a gaban akwatunan talabijin da aka kafa a tituna domin su ga yadda yake doke ƙattin da aka kawo daga Amurka, a ƙasar da ba ta cika shekara goma da shan kaye a yaƙin duniya na biyu ba. Ya rasu a Disambar 1963 yana da shekara 39, bayan wani ɗan daba ya soke shi da wuƙa a gidan rawa.

Wajibi ne a bayyana wani bambanci a nan, domin adalci ga ɗan kokawar yashi. A reslin, na Amurka ko na Japan, masu kamfani ne suke tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandamali, don haka wasan ya fi kusa da wasan kwaikwayo mai bukatar ƙarfi da juriya, alhali a fagen Maraɗi babu wanda ya san wanda zai faɗi. Amma faɗuwar da ake yi a kan dandamali ta gaske ce, ciwon ma na gaske ne, kuma abin da ya shafi wannan bincike shi ne yadda ake renon ɗan wasa.

Rayuwar Antonio Inoki ta nuna wannan reno daga farko har ƙarshe. An haife shi a Yokohama a 1943, iyalinsa suka yi ƙaura zuwa Brazil a 1957 inda ya yi aikin gonar kofi, Rikidozan ya gan shi a can a 1960 ya dawo da shi gida, kuma a ranar 30 ga Satumba na wannan shekara ya yi wasansa na farko, rana ɗaya da abokin horonsa Giant Baba. Shekarunsa na farko ya yi su ne a matsayin yaron gida, yana ɗaukar jakar maigida yana yi masa hidima, cikin horo mai tsanani wanda har duka yana ciki, abin da ba abin koyi ba ne.

A 1972 Inoki ya kafa kamfanin New Japan, Baba kuma ya kafa All Japan, gasar da ke tsakanin gidajen biyu ta riƙe kokawar ƙasar shekaru masu yawa. A ranar 26 ga Yunin 1976 Inoki ya kara da zakaran damben duniya Muhammad Ali a Tokyo, aka yi turmi goma sha biyar aka tashi canjaras. A 1989 aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawa, a 1990 ya je Bagadaza ya shirya taron wasanni wanda bayansa aka saki Japanawan da ake tsare da su gabanin yaƙin Tekun Fasha, kuma a wata ziyara da ya kai Pakistan a 2012 aka ruwaito cewa ya karɓi Musulunci tun a tafiyar Iraƙi, da sunan Muhammad Hussain. Ya yi wasansa na ƙarshe a Afrilun 1998, bayan kusan shekara 38 a fage, ya rasu a ranar 1 ga Oktoban 2022.

Abin lura a wannan doguwar rayuwa shi ne gidan horon da ya bari, wanda Japanawa suke kira dojo. Yaron da aka karɓa yana kwana a gidan, yana shara da wanki da dafa abincin manya, yana atisaye safe da yamma, kuma ba a barinsa ya hau dandamali sai ya iya faɗuwa ba tare da ya karye ba. Idan ya fara wasa, baƙin wando kawai yake sawa, kuma kamun da aka yarda ya yi kaɗan ne. Bayan 'yan shekaru a tura shi Meziko ko Ingila ko Amurka ya ƙaro sani, ya dawo da sabon suna da matsayi. Tsarin bai yi nisa da na makarantar allo ba, inda ƙolo yake zama titibiri, titibiri ya zama gardi, gardi ya tafi gabas neman ƙari kafin ya dawo ya kafa tasa tsangayar.

Kamfani yana biyan albashi ne saboda yana sayar da tikiti da haƙƙin nunawa a talabijin da riguna masu hoton 'yan wasa, kuma yana yawo gari-gari a mafi yawan watannin shekara. Tsohon ɗan wasa kuma yana iya zama mai horarwa ko alƙalin wasa ko mai sharhi ko ma'aikacin ofis. A sumo ma haka abin yake ta wata fuska: rukuni shida ne, biyun sama kaɗai, kimanin mutum saba'in, suke karɓar cikakken albashi, amma na ƙasa suna da ci da kwana a gidan maigidansu.

Ranar da jiki ya gaza

Gida ba ya hana haɗari. Mitsuharu Misawa, ɗaya daga cikin manyan 'yan kokawar Japan kuma mai kamfanin kansa, ya rasu a Yunin 2009 a Hiroshima sakamakon raunin wuya da ya samu a tsakiyar wasa, yana da shekara 46, kuma mutuwarsa ta tayar da muhawara a kan yadda ake barin 'yan wasa su ci gaba da hawa dandamali da tsofaffin raunuka saboda kamfani yana bukatar sunansu a jikin tikiti. Wannan ita ce illar hanyar kamfani: wanda yake biyan albashi yana da sha'awar kada ɗan wasa ya huta.

A fagen yashi raunukan da aka fi sani su ne targaɗe da gocewar kafaɗa da ciwon gwiwa da na baya da karaya, kuma a ƙauye maganinsu yana hannun maɗori. Likitocin ƙashi suna nuna damuwa a kan raunin wuya da na ƙashin baya, wanda ɗorin gida ba ya iya masa, da kuma shan ƙwayoyi irin su tiramol domin kashe zafin ciwo, al'adar da ta riga ta yi katutu a tsakanin samari masu aikin ƙarfi. Duk wanda zai farfaɗo da kokawa ba tare da gwajin lafiya da motar asibiti a bakin fage ba, ya ɗauki alhakin 'ya'yan mutane.

Malamai, iyaye da masu gidan wasa

Zariya birnin ilimi ne, kuma babu wani abu da zai zauna a cikin ganuwa idan zaurukan malamai ba su yarda da shi ba. Asalin kokawa ba shi ne abin saɓani ba, domin malamai suna kawo labarin kokawar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rukana, wanda ya zo a littattafan Abu Dawuda da Tirmizi, da labarin samarin sahabbai biyu, Samura ɗan Jundubu da Rafi'u ɗan Khadiju, da suka yi kokawa gabanin yaƙin Uhudu. Abin da suke ƙi shi ne abin da ke kewaye da ita: buɗe tsiraici, da dogaro da layu da guraye da tsafi, da caca, da cakuɗuwar maza da mata, da wasan da ke cinye lokacin salla.

Waɗannan sharuɗɗa ba su fi ƙarfin gyara ba, domin wando mai kai gwiwa da tsayar da wasa idan an kira salla da hana caca a harabar fage duk abubuwa ne da doka ɗaya za ta iya tabbatarwa. Batun layu ya fi wuya, tun da a idon 'yan kallo da yawa shirin asiri yana cikin armashin wasan, kuma a nan ne za a yi jayayya ta gaskiya.

Iyaye kuwa tsoronsu na duniya ne. Uban da ke Limancin Kona ko Unguwar Juma yana ganin ɗan kokawa a matsayin wanda zai bar karatu ya bi makaɗa, ya dawo yana da shekara talatin da ciwon gwiwa babu sana'a, kuma a halin da ake ciki yana da gaskiya. Masu shirya wasa su kuma suna cewa kokawa ba ta tara jama'a kamar dambe, saboda karawa tana iya ƙarewa cikin daƙiƙa kaɗan ko ta yi tsawo babu kaye. Senegal ta nuna cewa wannan ba hukunci ba ne na dindindin, domin a can manyan 'yan kokawa irin su Yékini da Balla Gaye 2 da Modou Lô sun cika filayen ƙwallo, suna karɓar miliyoyin sefa masu yawa a karawa guda, ko da yake tasu kokawar ta manya ana haɗa ta da naushi.

Abin da ke hannun Zariya

Zariya ta riga ta ga abin da fili ɗaya da malami ɗaya suke iya yi idan suka daɗe. Ba'amurken mai horar da ƙwallon kwando Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma daga cikin yaran da suka taso suna wasa a garin akwai Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci gasar NBA a 2019. Ƙwallon kwando baƙuwa ce a ƙasar Zazzau, amma ta sami gida.

A kudancin Nijeriya kuma jihar Bayelsa ta ɗora kokawar Olamfik a kan ta gargajiyar Ijaw. Daniel Igali, wanda ya ci wa Kanada zinare a gasar Olamfik ta 2000, ya dawo gida ya jagoranci hukumar kokawa ta Nijeriya, kuma a ƙarƙashinsa Blessing Oborududu ta ci azurfa a gasar Tokyo da aka yi a 2021. Yaron Zazzau da ya iya taɗiya da kamun ƙugu a yashi yana da rabin abin da ake nema a kan tabarmar Olamfik, kuma wannan hanya tana kai wa ga aikin soja da na 'yan sanda da sauran hukumomin da suke ɗaukar 'yan wasa, wato ga albashi da fansho, amsar da iyaye suke jira.

Kayan aikin suna warwatse ne a cikin gari ɗaya. Jami'a tana da sashen koyar da motsa jiki da lafiya, asibitin koyarwa yana Shika, fada tana da hakimai da dagatai waɗanda suke iya tara samarin kowace gunduma kamar yadda suke tara mahaya a hawan salla, 'yan kasuwa kuma suna neman inda za su tallata hajarsu. Abuja ta karɓi baƙuncin gasar kokawa ta ƙasashen Afirka ta Yamma a Maris na 2025, wanda ke nuna cewa akwai matakin sama da ɗan wasa zai nufa idan an gina na ƙasa.

Daga abin da Nijar da Japan suka yi, matakin farko ba ginin fage mai tsada ba ne, domin buhunan yashi da fili sun isa. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne lokaci tsayayye da ba ya canzawa da canjin shugaban ƙaramar hukuma, a tsakanin Nuwamba da Janairu lokacin da amfanin gona ya shigo gida, da rajistar 'yan wasa bisa nauyi da shekaru domin kada a haɗa yaro da ƙato, da ware wani kaso na kuɗin ƙofa a asusun jinya tun daga gasar farko, da sharaɗin cewa duk ɗan ƙasa da shekara goma sha takwas sai ya nuna shaidar makaranta ko ta koyon sana'a kafin a rubuta sunansa.